Ranar Da Na Yi Wa Motata Ƙazafi A Mokwa

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa makon jiya, ta ce ita labarin soyayya ta zo karantawa, sai ta tsinci kanta a garejin makanikai. Na gode, 'yata. Ki gyara zama, yau ma can za mu koma. Ku naku son a waya kuke yin sa, kuna kwance kuna aika wa juna hoton fure. Ni nawa a cikin mota aka yi shi, gwiwata tana bugun sitiyari, kuma allurar mai ce ta fara gaya mini gaskiya kafin kowane ɗan Adam.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Mika'ilu, a Sabo aka haife ni, unguwar Hausawa ta Ibadan. Abin ya faru ne a farkon shekarun casa'in, lokacin da mai ya yi wuya har mutum kan kai motarsa layi, ya koma gida ya yi wanka ya ci abinci, ya dawo ya tarar layin bai motsa ba. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina jigilar albasa daga kasuwar Shasha zuwa ta Bodija. Motar akori-kura ce, gadon mahaifina. A takarda fara ce, a ido kuwa launin ruwan wanki. Kujerarta benci ɗaya ne mai cin mutum uku, da wani ƙarfe a cikinsa wanda ya san ƙashin bayan kowa. Ba ta tashi da makulli sai ta ga dama, saboda haka kullum a kan tudu nake ajiye ta, Ibadan kuwa Allah ya yi ta da tuddai kamar domina.

Amma ba ta shan mai. Wannan ita ce falalarta, kuma ita ce tawa, don ban taɓa jin mutanen Sabo sun ambata mini wata ba. In na kai gangare sai in kashe inji in bar ta ta tafi da nauyinta, kafin gangaren ya ƙare in sa giya in saki kuloci ta kama. Direbobi da yawa suna yin haka. Ni dai na riƙe shi kamar wuridi.

Yarinyar da nake nema Barakatu ce, tela, 'yar marigayi Alhaji Maliki mai goro. Doguwa ce, mai saurin tafiya da saurin amsa, tana ɗinka wa matan Sabo da Yarabawan Mokola, kuma kowa da harshensa take yi masa ciniki. Ba mu da waya. Ƙurar jikin motata ce wayarmu. In ta fito sayen zare sai ta rubuta da yatsa a jikin ƙofar: BAYAN LA'ASAR. Wata rana: IYA TA YI FUSHI. Ranar da na ɓata mata rai kuwa na tarar ta zana jaki riƙe da sitiyari, har da hula. Ko'ina nakan wanke a jikin motar ban da wannan ƙofa.

Iyar da ke fushin ita ce Hajiya Ashatu, wadda ke sayar da dambun nama daga cikin gida. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba, kamar yadda ya dace da uwar yarinyar da ake nema. Sunana a wurinta "mai motar nan". Barakatu kuma 'yar fari ce, ita kaɗai ce ma, don haka ita ma ba a kiran sunanta, "ke" ce ko "waccan". Ku duba mace mai mutum biyu a gabanta, ba ta iya kiran ko ɗaya. Duk abin da take so in ji sai ya biyo ta bakin maƙwabciyarsu, Gwaggo Haulatu, wadda ba ta taɓa rage wa saƙo gishiri a hanya ba. Ita ce ta kawo mini ra'ayin Hajiya a kaina, cif: mutumin da ke kashe mota a gangaren Mokola don kada ta sha cokali ɗaya, ranar da matarsa ta ƙara mai a miya sai ya tara unguwa.

Hajiya dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Haka muka yi ta zama har Alhaji ya rasu, har ta fita takaba.

Sai wata Laraba Gwaggo Haulatu ta tare ni a bakin masallaci.

"Malam, albishirinka. Hajiya za ta Funtuwa wurin Baffa Gwadabe, yayan marigayi. Ka san shi ne waliyyin yarinyar. Ta ce in mai motar nan da gaske yake, ya kai su, ya gabatar da kansa."

"Gwaggo, ko a ka zan ɗauke su. Wane kaya za a tafi da shi?"

"Ɗan tsaraba."

"Kamar me da me? Saboda mai nake tambaya."

"Kai Malam! Ana maganar aure kana maganar mai? Ka kawo motar ƙofar gida ka tafi abinka. Ba a tsayawa ana ƙirga kayan suruka."

Na kwana biyu a layi na cika tanki, na cika jarkoki, na yi lissafina na mutum uku da ɗan tsaraba. Lissafin ya ce man zai kai mu Funtuwa, har da ragowar da zan yi alfahari da ita a gaban Baffa. Na kai motar na bar ta na tafi, kamar yaron kirki.

Da na dawo bayan asuba, cikin shaddata ta sallah da hular da ban taɓa bari rana ta gani ba, sai na tarar motar ta zauna. Hancinta sama, gindinta ƙasa, kamar agwagwa. An lulluɓe bayan da tamfol an ɗaure shi tamau, an bar wani ɗan fili kusa da gilashin baya. Na zagaya ta sau ɗaya. Na buɗe baki, na hangi inuwar Hajiya a bayan labulen zaure, na rufe.

Sai kuma maganar zama.

"Mu uku ne, kujerar ta mutum uku ce," na ce wa Gwaggo.

"Sannu malamin lissafi. Wa zai zauna a tsakiya? Hajiya ce za ta yini kafaɗarta tana gugar taka? Ko yarinyar da ba a ɗaura muku komai ba?"

Ban yi tunanin wannan ba. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, babu wanda ya yi maganar kujerar tsakiya.

Daga bayan labule murya ta fito, ba ga kowa ba: "A sa kwandon goron Baffanta a tsakiya. Waccan ta zauna bakin taga. Ni a shimfiɗa mini katifa a baya. Ai akwai gilashi."

Akwai gilashi kuwa. Aka ɗora Hajiya a baya da taimakon kujerar tsugunno da mata biyu, ta zauna a kan katifa cikin lulluɓinta mai ruwan ƙasa, da lema a hannu. Aka yi yarjejeniya ta bakin Gwaggo cewa in tana son a tsaya za ta ƙwanƙwasa rufin da kan lemar. Barakatu ta shiga gaba cikin wata shuɗiyar atamfa mai zanen tsuntsaye wadda ita ta ɗinka wa kanta, da farin gyale, da sabon lalle a hannu. Tsakaninmu kwandon goro, an naɗe shi da ɗanyen ganye, ya kai mini kafaɗa. In na duba hagu in ga hanya, in na duba dama in ga ganye da saman ɗankwali, in na duba madubi in ga idanun Hajiya.

Masu tambayata ko akori-kura tana da daɗin doguwar tafiya, ga amsa. Zafin inji yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafa. Tagar Barakatu ba ta rufuwa, tawa ba ta buɗewa. Kowane rami da ke tsakanin Ibadan da Oyo sai da ƙarfen kujerar ya sanar da mu shi. A cikinmu duka goron ne ya ji daɗin tafiyar: ana yayyafa masa ruwa, an lulluɓe shi, babu mai bukatar ya yi magana.

Amma injin yana da wata baiwa. Ƙararsa ta isa ta rufe duk abin da aka faɗa a gaba. Karo na farko ke nan da na sami Barakatu ba a zaure ba, ba Gwaggo tana tari a bayan ƙofa. Sai dai dole a ɗaga murya.

"Malam, ka yi kyau yau!" ta ce ta saman kwando. "Kamar mai zuwa karɓar lambar yabo!"

"Ke ma!"

"Ina ka gan ni?"

"Na ga ɗankwalin!"

"To yi mini zance mana! Yini guda gare ka!"

Na yi mata. Na bayyana mata dalilin da ya sa gudu yake ƙona mai, da amfanin iskar taya, da yadda mahaifina ya taɓa zuwa Ilori ya dawo bai tsaya gidan mai ba. Duk inda muka kai gangare in kashe inji, mu yi tsit kamar ɗalibai sun ga hedimasta, sai na saki kuloci ƙara ta dawo in ci gaba daga inda na tsaya. Wani lokaci kalmar ƙarshe takan kuɓuce mini ta faɗa cikin shirun, amma duk yabon mota ne, ban ga abin kunya a ciki ba.

"O da, Malam," in ji Barakatu, wato ya yi kyau da Yarabanci. "Allah ya ba ku zaman lafiya kai da ita."

Tun a Oyo allurar ta fara ba ni tsoro. Ta sauka inda bai kamata ta kai ba sai Ogbomosho. A Ogbomosho na juye jarkar da na ware wa Jebba. A kowane hawa motar tana nishi kamar tsohuwar da aka ɗora wa buhu. Na zargi fulogi, na zargi mai gidan man da ya sayar mini, na zargi iska. Zuciyata ta yi baƙi. Na daina zancen ma.

A Ilori lema ta ƙwanƙwasa, muka tsaya sallar azahar. Barakatu ta hau baya ta kai wa Iyarta ruwa, na gan ta ta ɗaga gefen tamfol tana neman buta. Ta daɗe a sunkuye. Da ta dawo gaba ta juya fuskarta ga taga. Na ɗauka maganar iskar taya ce ta ishe ta.

Sai da muka kusa Jebba ta ɗan ture kwandon, na ga idonta ɗaya, ja.

"Malam, ka san tsarabar nan?"

"Gari da manja, ina ji! Amma wane irin gari ne wannan mai nauyin..."

"Keken ɗinkina ne! Da gadon ƙarfena! Da kwanukan da Iya take tara mini tun ina firamare! Har turmi!"

"Me za a yi da turmi a wurin tambayar aure?"

"Ba tambayar aure za mu ba! Ƙaura muke yi! Kai ne ɗan dakon!"

Zan gaya muku abin da ya fara zuwa mini, tun da na yi alkawarin ba zan yi wa labarin nan kwalliya ba. Wani sanyi ne ya sauko mini a ƙirji. Ashe motata lafiyarta ƙalau.

"Shi ya sa!" na ce, har da dukan sitiyari. "Na san ba halinta ba ne!"

"Shi ya sa? Mika'ilu, shi ya sa?" Ranar ce ta fara kiran sunana ba Malam. "Ana raba ni da garin da aka haife ni, a motarka, da manka, kana cewa shi ya sa?"

Daidai nan hanya ta karkata ta fara gangarawa zuwa kogi. Hannuna bai nemi shawarata ba. Shekara da shekaru yana yin abu ɗaya a irin wannan wuri, ya kai ga makulli ya murɗa. Inji ya mutu. Barakatu kuwa ta riga ta cika ƙirjinta da iska.

"Ni ban san kowa a Funtuwa ba! In kai ba ka da baki ni ina da shi! Ko Iya ta so ko ta ƙi, a motar nan zan dawo Sabo, kuma matarka!"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ana jin tayoyi suna lasar kwalta. Ana jin wani tsuntsu a can cikin daji. Barakatu ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, ta zame ƙasa har ɗankwalin ya ɓace a bayan ganye. Na ɗaga ido a hankali na duba madubi. Idanun suna nan inda na bar su.

Na jira lema. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Muka haye gada, muka wuce Jebba, lema shiru. Ku da iyayenku ke yi muku faɗa da saƙon murya ba za ku san nauyin wannan ba.

Sai a Mokwa, gab da la'asar, rufin ya yi ƙara sau ɗaya. Ƙofar gidan Malam Uwaisu ne, fatoman da 'yan goro ke sauka a wurinsa, tsohon aminin marigayi. A gindin bishiyar ƙofar gidan akwai direbobin manyan motoci zaune a tabarma, wasu na san su daga Shasha, duk suna jiran mai, don gidajen man garin a bushe suke. Aka sauko da Hajiya, aka ba ta tabarma a bakin zaure. Malam Uwaisu ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi hanya, sannan ya dubi motar.

"Hajiya, wannan lodi haka? Kamar masu tashi."

"Tashin ne, Malam." Da shi take magana, amma ta daidaita muryarta yadda za ta kai inda nake tsaye. "Gidan da muke ciki na ubangidan marigayi ne. Ya aiko mini da gaisuwa mai daɗi, ya ce ɗansa zai yi aure. Na gane. A Funtuwa ina da ɗaki. Ban gaya wa waccan ba don na san bakinta, yau ma na ƙara saninsa. 'Ya ɗaya gare ni. Ba zan bar ta a garin da ba ni da wurin shimfiɗa tabarma ba, a hannun wanda zuciyarsa ta riga ta cika da ƙarfe."

Babu wanda ya dube ni. Wannan ya fi a dube ni ciwo.

Barakatu tana tsaye a jikin motar, kanta a ƙasa, tana murza bakin gyale. Malam Uwaisu ya yi gyaran murya irin ta dattijon da ke neman wata magana ta daban, ya juyo gare ni.

"To Malam direba, gaba fa daji ne. Babu mai sai Tegina, can ma sai an dace. Abin da ya rage maka zai kai ka da lodin nan?"

Tambayar da na fi so a duniya ke nan. Tun daga Jebba na sake lissafin, yanzu da na san ainihin nauyin, kuma na san amsar. Za ta kai. Da ƙyar, da kashewa a kowane gangare, amma za ta kai, kuma za a daɗe ana ba da labarin a tasha. Direbobin nan duk sun juyo. Na gyara hula.

"Ai Malam, motar nan da kake gani..."

Sai na ga yatsan Barakatu yana motsi a jikin ƙofar. Ba ta ɗaga kai ba. Ta rubuta a cikin ƙurar hanya, da manyan baƙaƙe: A'A.

Na dubi rubutun. Na dubi motar, wadda ta ɗauko gado da turmi da keke tun daga Ibadan ba ta yi mini gardama ba. Mahaifina ya rasu yana yabonta.

"Ba za ta kai ba," na ce.

"Ashe tana sha?" in ji Malam Uwaisu.

"Tana sha."

Wani direba mai ƙaton ciki ya tashi zaune. "Kai, ba Malam na Shasha ba ne? Ba ita ce motar da ka ce mana da warin mai kawai take tafiya ba?"

"Ita ce."

"To?"

"Cika baki ne." Na sunkuyar da kai. "Mashayiya ce. Ko gidan mai muka wuce sai allurar ta sauka."

Tabarmar ta kwashe da dariya. Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda ba. Wani ya ce a ba Malam ruwa. Labarin kuwa ya riga ni komawa Shasha, kuma bai taɓa barin ta ba. Har na daina jigilar albasa ana ce wa motata Mashayiya, ni kuma ba ni da bakin kare ta.

"To ai sai a rage kaya," in ji Malam Uwaisu. "Ga ɗakin ajiya, babu abin da zai taɓa su. Hajiya, wanne ne mai nauyin?"

Kowa ya san mai nauyin. Tufafin Hajiya da tukwanenta ba su kai komai ba. Keke ne, da gado, da kwanuka, da turmi. Hajiya ta ɓare goro, ta sa ɓari a baki, ta tauna shi har na ɗauka ta manta da mu.

"A sauke," ta ce.

Aka sauke. Motar ta ɗago gindinta kamar wadda aka yi wa bushara, ba ta san abin da na faɗa a kanta ba. Muka yi la'asar. Da aka zo shiga, Hajiya ta wuce kujerar tsugunnon da aka ajiye mata, ta nufi gaba.

"Ke, koma baya. Bayana ya gaji."

Haka na bar Mokwa da surukar da ba ta zama surukata ba tukuna a gefena, goro a tsakani, Barakatu a madubi ta rungume gwiwoyinta a kan katifa. Ban yi tari ba. Gangare biyu muka wuce ban taɓa makulli ba, mai yana ƙonewa a banza ina ji a jikina. A na uku, wani dogo mai bishiyoyi dama da hagu, Hajiya ta dubi kwandon goron ta yi masa magana.

"A kashe ta. Ni ba na iya ihu kamar wasu."

Na kashe.

"Na bi marigayi a motocin goro tun kafin a haifi wasu," ta ce wa goron. "Na san motar da za ta kai da wadda ba za ta kai ba. Boko kuma ban yi ba, amma wanda aka rubuta a jikin ƙofa bai fi ƙarfina ba."

Gumi ya fara bin cikin hulata.

"Tun daga Oyo, duk inda aka kashe inji, yabon mota nake ji. Na ce wannan ko an ba shi mace ina zai ajiye ta? Sai yau na ga an tsaya a gaban direbobi an ci mutuncinta, ana yi murya tana rawa. Ban san abin da aka fi so a da ba. Na dai ga wanda aka zaɓa."

Gangaren ya fara ƙarewa. Ina ganin inda hanya ta miƙe ta kwanta. Nan ne wurin sa giya, in an wuce shi shi ke nan. Amma in na saki kuloci injin zai yi ruri a tsakiyar maganarta. Wane ne ni? Na riƙe sitiyari, motar tana rage gudu, Hajiya kuma ba ta gaggawa.

"Zan yi wa Baffanta magana. In ya ɗaura, a biya ta Mokwa a kwashi kayan a mai da su inda aka ɗauko su. Keken nan ubanta ne ya saya mata, kada in ji ya yi tsatsa. Kuma duk shekara a kawo mini ita in gan ta. Ba na son jin mai ya yi wuya."

"In Allah ya yarda, Hajiya," na ce wa sitiyari. "Na gode. Allah ya ƙara girma."

"Shi ke nan. A tayar."

Motar ta riga ta tsaya cak, a wuri shimfiɗaɗɗe kamar faranti, babu gida babu mutum. Na murɗa makulli. Ta yi wani ɗan tari ta yi shiru. Na sake. Ko tarin ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba, da kunnenta ta ji abin da na ce a Mokwa.

Hajiya ta gyara lulluɓi, ta ce wa goron, "Ashe ba duka ne ƙarya ba."

Kafin in buɗe ƙofa na ji motar ta motsa. A madubi na ga Barakatu ta diro, ta cire farin gyalen ta ɗaure ƙugu da shi, ta tuɓe takalma ta jefa kan katifa, ta kafa hannayen nan masu sabon lalle a bayan motar. Inji a kashe yake, ta ji komai. Fuskarta duk hawaye da ƙura, tana dariya.

"Malam!" ta ƙwala. "Ka sauke birkin hannu mana! Ko shi ma tattalinsa kake yi?"

Motar tana nan har yau a ƙofar gidana, a kan tudun da na saba ajiye ta. Tayoyinta sun zauna, masu sayen tsohon ƙarfe sun gaji da sallama. Tun da aka kai Barakatu makwancinta babu wanda ya taɓa ƙofar motar nan, ƙura ta taru a kanta ta yi kauri, ta ishi doguwar magana. Kullum in na dawo daga masallaci da safe nakan tsaya in duba.